Ƙananan Kayan Haɗi na Kwamfuta Mai Faranti Guda da Aikin Auna Ruwa a Kogin Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tashin ruwan Kogin Haɗeja bai dogara ga damina kaɗai ba, har da ruwan da ake saki daga madatsun. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun cinye gonakin shinkafa a yankunan Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri, ga kuma ciyawar kacala da ke toshe magudanai. Abin da manomin fadama yake buƙata shi ne ya san ruwa na tafe kafin ya iso. Wannan maƙala ta dubi wasu ƙananan kayan haɗi da ba a cika ambato ba, waɗanda in babu su ƙaramar kwamfuta ba za ta iya wannan aiki a bakin kogi ba.

Kwamfutar da ake magana a kai ita ce irin Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Ba ta wuce tafin hannu ba, kuma duk sassanta suna kan faranti ɗaya. An zaɓi kalmar "faranti" a nan domin "allo" ta riga ta zama sunan fuskar da ake kallo. Daga 2014 ta zo da tsinkayen ƙarfe 40 da ake jona kayan haɗi a kansu. Waɗanda ake kifawa a samanta ana kiran su HAT, kuma da yake kalmar tana nufin hula a Ingilishi, "hula" ta wadatar a Hausa.

2.0 Agogo

Mafi muhimmanci, kuma wanda aka fi mantawa da shi, shi ne agogo. Kafin fitowar Raspberry Pi 5 a 2023, waɗannan kwamfutoci ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan wuta ta ɗauke. Daga intanet suke karɓar lokaci. A wurin da babu sabis, kwamfutar da ta mutu da dare ta farfaɗo da hantsi za ta ɗora lissafi daga lokacin da ta adana na ƙarshe. Illar wannan babba ce. Amfanin ma'aunai a Wudil da Ringim da Haɗeja shi ne a gano awa nawa ruwa yake ɗauka daga wannan gari zuwa wancan, kuma awon da lokacinsa ya karkace ba ya bayar da wannan amsa ko da tsayin ruwan daidai ne. Maganin shi ne ɗan agogon DS3231 mai batirinsa kamar kwabo, wanda kuskurensa bai cika wuce minti ɗaya a shekara ba. Wannan darasi ya shafi mai ɗaukar waƙoƙin masunta ko tatsuniya a ƙauye, domin ranar da aka yi ɗauka tana daga cikin hujjojin bincike.

3.0 Ma'aunin Amo da Sauransu

Ana auna tsayin ruwa ba tare da taɓa shi ba ta hanyar ma'aunin amo irin JSN-SR04T, wanda jiƙa ba ta lalata kansa. A rataye shi a ƙarƙashin gada. Yana aika sautin da kunne ba ya ji, ya lissafa lokacin dawowarsa daga fuskar ruwa. Sai dai gudun sauti yana canjawa da zafin iska: mita 343 a daƙiƙa a digiri 20, kusan mita 355 a digiri 40. A tazarar mita 3, wannan bambanci ya kai kimanin santimita 10, wanda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Haɗeja zai iya raba gonar da ta tsira da wadda ta nutse. Don haka dole a haɗa shi da ma'aunin zafi irin DS18B20 domin gyara lissafin. A kuma lura cewa ma'aunin amo yana mayar da saƙo da ƙarfin bolt 5, alhali tsinkayen 3.3 suke ɗauka, sai an rage ƙarfin kafin a jona.

Kwamfutar ba ta karanta awo mai hawa da sauka kai tsaye, kamar na damshin ƙasa, sai ta hanyar tafinta irin MCP3008, wanda yake mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023. Hular batiri kuwa tana ba ta damar rufe kanta a tsanake idan wutar sola ta yi ƙasa, domin ɗaukewar wuta ba zato tana lalata katin ajiya.

Saura isar da labari. Hular rediyo ta LoRa tana aika gajeren saƙo tsawon kilomitoci da wuta kaɗan, ba tare da layin waya ba, kuma ƙasa marar tsaunuka tana taimaka mata, muddin an ɗaga eriya sama da bishiyoyi. Murya ko hoto ba sa bi ta cikinta, lambobi kawai. Daga inda saƙon ya sauka, sai a mayar da shi jimlar Hausa da za a tura wa mai unguwa ko sarkin ruwa, kuma a nan ne ake buƙatar masanin harshe: "mita 2.4" ba ta gaya wa manomi komai, amma "ruwa ya kai gindin jinga" tana sa shi ya kwashe amfaninsa.