Hisabin Ƙarshen Shekara: Me Aka Koya, Me Aka Gyara?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore wa ɗan Adam hankali, ya fifita shi da shi a kan dabbobi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, alhazai sun fara komowa gida, watan Zulhajji ya yi nisa, ga Muharram, wanda Hausawa ke kira watan Cika-ciki, a bakin ƙofa. A irin wannan lokaci malamai kan tunatar da jama'a batun muhasaba, watau mutum ya zauna ya binciki kansa, kamar yadda ɗan kasuwa kan buɗe littafinsa ya ga riba ko faɗuwa. Abin da ake fara dubawa shi ne salla da azumi da hakkin mutane, haka kuwa ya kamata. Amma akwai wani shafi da akan tsallake, shi ne shafin hankali, alhali shi ma amana ne. Tambayoyinsa biyu ne: me mutum ya koya bana wanda bai sani ba bara? Wace matsala kuma ya warware da dabara, tasa ko ta jama'a?

Asalin ƙidayar shekara

Ita kanta shekarar da ke shirin ƙarewa, shawara da tunani suka haifar da ƙidayarta. Larabawa sun san watanni goma sha biyu tun da can, amma ba su da lambar shekara. Sukan raɗa wa shekara suna ne da wani babban abu da ya auku a cikinta, kamar Shekarar Giwa. Da daular Musulunci ta faɗaɗa a zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, sai wannan giɓi ya fara jawo ruɗani. An ruwaito cewa Abu Musa Al-Ash'ari, gwamnan Basra, ya yi kukan wasiƙu suna zo masa babu kwanan shekara. An kuma kawo wa Halifa wata takarda mai wa'adin watan Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara ko na bana ko na baɗi.

Halifa bai ce haka aka gada ba, a bar shi haka. Ya tara sahabbai aka yi shawara. Waɗansu suka ce a fara ƙirga daga haihuwar Annabi, waɗansu daga aiko shi, waɗansu daga wafatinsa. A ƙarshe aka tsaya a kan Hijira, wadda ta auku a shekara ta 622 Miladiyya, aka sa Muharram ya zama farkon shekara domin shi ne ke biyo bayan aikin Hajji. An yi wannan wajen shekara ta 17 bayan Hijira, watau 638. Tambaya ɗaya a kan takarda ɗaya, ga shi yau fiye da shekara 1,400 ana cin moriyar amsarta.

Ramin Madina

A shekara ta 5 bayan Hijira, watau 627, Ƙuraishawa da ƙabilun da suka haɗa kai da su suka tasam ma Madina da mayaƙa wajen 10,000, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Salmanul Farisi ya faɗi abin da ya sani daga ƙasarsu ta Farisa, cewa in ana tsoron dawakin maƙiya akan haƙa rami a tsare gari. Larabawa ba su san wannan dabara ba. Duk da haka Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓe ta, ya kuma shiga haƙa da hannunsa. Aka haƙa ramin a arewacin gari, inda yake buɗe, domin duwatsu da gonakin dabino sun tsare sauran ɓangarorin. Maƙiya suka yi zaman kusan wata guda ba su sami shiga ba, har Allah ya aiko da iska ta watsa su.

Abin lura a nan shi ne, mai shawarar baƙo ne, tsohon bawa kuma, dabarar ma ta wata al'umma ce. Ba a dubi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amfaninta aka duba. Sau nawa a gida ko a kasuwa ko a taron unguwa ake yar da magana mai kyau don kawai yaro ne ya faɗe ta, ko mace, ko baƙo?

Dabara ba bidi'a ba ce

Waɗansu sukan ji tsoron kowane sabon abu, suna zaton bidi'a ce. Malamai sun bambance. Sha'anin ibada ana tsayawa ne inda shari'a ta tsaya, ba ƙari ba ragi. Sha'anin noma da sana'a da magani da tsarin aiki kuwa, asalinsa halal ne sai abin da aka hana. Imamu Muslim ya ruwaito labarin manoman Madina da suka bar barbarar dabino saboda wata magana da suka ji daga Annabi. Da amfanin ya lalace suka koma masa, ya nuna musu cewa sanin harkar gonarsu yana hannunsu. Saboda haka manomin da ya ga damina tana gajarta, ya ƙi neman iri mai saurin nuna don ba shi ya gada ba, ba tsoron Allah ya nuna ba, sakaci ne, iyalinsa kuwa su za su kwana da yunwa.

Ba yaro ba babba

Zaidu ɗan Sabitu yana da shekara 11 sa'ad da Annabi ya iso Madina. Da aka bukaci amintaccen mai karanta wasiƙun Yahudawa, aka umurce shi ya koyi rubutunsu, ya kuwa iya shi cikin kusan rabin wata. Wannan yaron shi ne daga baya Halifa Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani, shi ne kuma ya shiga gaba wajen rubuta Mushafi a zamanin Halifa Usmanu.

Wanda ya ga ya manyanta kuwa, ya dubi Abubakar Al-Ƙaffal na birnin Marwa, wanda ya rasu a shekara ta 417 bayan Hijira. Maƙerin kwaɗo ne, gwani a sana'arsa, bai shiga karatun fiƙihu ba sai da ya kai shekara 30, amma ya zama jigo a mazhabar Shafi'iyya a Khurasan. Gemu dai ba ya hana ilmi.

A ƙasar Hausa ma akwai abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta ga matan ƙauye ba su da halin barin ɗakunansu su zo birni karatu. Sai ta zaɓi dattijan mata, kowace ana ce da ita jaji, ta naɗa su da malafa, ta koya musu waƙoƙin da ta tsara masu sauƙin haddacewa, su kuma su kai wa mata har gida. Wannan tsari shi ake kira 'Yan Taru. Tun da ɗalibai sun kasa zuwa makaranta, sai ta aika musu da makarantar.

Yadda za a yi hisabin

Mai karatu ya keɓe sa'a guda kafin wata ya tsaya, ya ɗauki takarda da alƙalami. Ya rubuta abin da ya koya bana da sunansa: sura kaza, littafi kaza, ɗinki kaza. In ya rasa abin rubutawa, to, ya san kwana 354 sun wuce shi yana tsaye. Sa'an nan ya rubuta matsala ɗaya da ta daɗe tana damun gidansa ko sana'arsa ko unguwarsu, ko kwata ce da ta toshe, ko yara ne da ba su da makarantar dare, ya nemi waɗanda suka fi shi sani ya yi shawara da su. Kada ya jibga wa kansa alkawari goma, ya ɗauki ɗaya ya riƙe, domin aikin da ya fi soyuwa ga Allah shi ne mai ɗorewa, ko da kaɗan ne. Da rarrafe yaro kan tashi. Ya kuma gyara niyya, don gwaninta in babu tsoron Allah ita ke zama algus a kasuwa da ha'inci a ofis.

Allah ya sa a ga sabuwar shekara lafiya, ya ƙara wa jama'a ilmi mai amfani da basirar aiki da shi, amin.