Buga Rubutu a Juye: Bayani ga Masu Ƙaramar Firinta

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a shekarar 2011, ta zo ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, buƙatar riguna masu rubutu ta ƙaru a wannan yanki, domin ɗalibai masu kammala karatu suna so, ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni suna so, haka ma Islamiyyu masu walimar sauka da magoya bayan 'yan takara a Dutsin-Ma da Kurfi. Idan rigunan ba su da yawa, babu dalilin ɗaukar aikin zuwa Katsina ko Kano, tun da firinta mai fesa tawada, wato irin wadda ake zuba mata tawadar ruwa, tana iya yinsa a shago ko a ɗaki, muddin mai ita ya san lokacin da ake juya rubutu da lokacin da ba a juyawa.

Rubutu a juye shi ne wanda aka mayar da damansa hagu, hagunsa dama, yadda madubi yake nuna shi, ba tare da an kifar da samansa ƙasa ba. Dalilin yin haka a fili yake: duk abin da za a kifa fuskarsa a kan wani abu domin ya bar hotonsa, to hoton zai fito a juye, saboda haka sai an riga an juya shi tun farko kafin ya fito daidai. Wannan ƙa'ida ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Haruffan dalma da Gutenberg ya zuba a Jamus wajen shekarar 1450 a juye suke, kuma da irinsu aka riƙa jera jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939, inda masu jerin suka saba karanta layi a juye ba tare da gargada ba. Hatimin roba da ke kan teburin kowane shugaban makaranta ma haka aka sassaƙa shi.

Wajen sanin lokacin da ake juyawa ne masu koyo suka fi asarar takarda. Takardar manna zane a tufafi iri biyu ce. Akwai ta farin yadi da mai haske, wadda ake kifawa a kan riga a danna da zafi, sannan a ɓare bayanta. Wannan dole a juya mata rubutu. Akwai kuma ta baƙin yadi da mai duhu, wadda take da farin shimfiɗi a jikinta, ana ɓare ta tukuna a ɗora zanen yana kallon sama, a rufe da takardar kariya a danna. Wannan ba a juya mata komai, wanda ya juya kuwa ya ɓata riga. Hanya ta uku ita ce ta tawadar da zafi yake mayarwa tururi ta shige cikin zare, wadda ake yi wa kofunan rabon biki da rigunan ƙwallo. Ita ma ana juya mata rubutu, amma ba ta kama auduga, sai yadin roba mai haske ko kofin da aka yi wa shafe na musamman, tana kuma neman zafin da ya kai digiri 180 zuwa 200. An fi yin ta da firintar Epson, domin kanta yana tura tawada da motsi ne, alhali yawancin ƙananan firintocin Canon da HP dafa tawadar suke yi kafin su fesa.

Juyawar kanta ba ta da wuya. Ana iya yin ta a cikin manhajar da aka tsara zanen, kamar CorelDraw, ko a cikin Word bayan an sa rubutun a akwati an karkata akwatin da digiri 180 daga dama zuwa hagu, ana kuma iya yin ta a saitin firinta, inda Epson take da gurbin da aka rubuta wa Mirror Image. Abin kiyayewa shi ne kada a yi a wuri biyu, domin wasu firintocin, da zarar an gaya musu cewa takardar riga ce aka sa, su da kansu suke juyawa, kuma juyi biyu komawa ne gidan jiya.

Ido yana yaudarar mai dubawa fiye da yadda ake zato. Ƙaramin b idan an juya shi d yake zama, ɓ kuma ya so ya yi kama da ɗ, manyan haruffa irin su A da H da M da U da W kuwa ba sa sauya kama ko kaɗan, ta yadda sunan HAUWA zai fito AWUAH, kowane harafi lafiyayye, jerin ne kawai ya birkice. Masu rubutun Ajami da Larabci su ma kada su ɗauka cewa karantawa daga dama ta ɗauke musu juyi; ƙa'idar ɗaya ce, kuma kuskure a kan aya ko addu'ar da yara za su sa a ƙirji ya fi kuskuren suna nauyi. Magani mafi arha shi ne a fara bugawa a farar takarda, a ɗaga ta gaban madubi, ko a kalle ta ta baya a hasken taga. Idan ta karantu, sai a sa takarda mai tsada, a tabbata kuma tawadar ta sauka a fuskar da ke da shafe.

Wajen dannawa, dutsen guga na lantarki yana wadatar da riga ɗaya ko biyu, da sharaɗin a kashe tururinsa, a shimfiɗa rigar a kan katako mai tauri, a danna da nauyin jiki har gefe-gefen zanen. Dutsen gawayi ba shi da tabbas, domin zafinsa hawa da sauka yake yi, ga toka. Injin dannawa ya fi ba da aiki mai kyau, sai dai yana cin wuta fiye da wat 1000, abin da ƙaramin janareta ba ya ɗauka, don haka mai shago ya kan tara aikin dannawa zuwa lokacin da aka kawo wuta. Ƙurar hunturu da bushewar iska kuma suna toshe kan firinta, saboda haka a rufe ta da ƙyalle, a riƙa buga ko da shafi guda kowane 'yan kwanaki. Takardar da aka yi don tawadar ruwa ba a sa ta a firinta mai hoda ko injin hotokofi, domin zafin cikinsu yana narkar da shafenta ya manne. Mai karɓar riga kuma a gaya masa ya bari ta kwana kafin wanki, ya juya cikinta waje, kada ya ɗora dutsen guga a kan zanen.

Wanda ya iya juya rubutu ya kama hanyar yin hatimi, kuma wata rana za a kawo masa takarda mai hatimin makaranta, ko na asibiti, ko na ƙaramar hukuma, a ce ya fitar da irinsa. Yin jabun hatimi laifi ne a dokar ƙasa, kuma tuhumar ba ta tsayawa kan wanda ya kawo aikin kaɗai, saboda haka mai shago ya nemi wasiƙar izini daga ofishin da hatimin yake ɗauke da sunansa, ya ajiye kwafinta a wurinsa.