Katsewar Sadarwa Tsakanin Kwamfuta da Rauta Yayin Sabunta Ginanniyar Manhaja

1.0 Gabatarwa

Rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a ofis ko ɗakin karatu, ƙaramar kwamfuta ce mai tata manhajar. Wannan maƙala ta zaɓi kiran manhajar da suna "ginanniyar manhaja", kasancewar a ma'adanar na'urar take zaune, kuma da ita take farkawa duk sa'ad da aka kunna ta. Kamfanoni kan fitar da sabon zubinta domin toshe kafofin kutse. Sai dai ɗora sabon zubin ba ya yiwuwa har sai kwamfuta da rauta sun ji juna. A nan ne masu gwadawa da dama kan cije, su ɗora wa fayil laifi, alhali adireshi ne bai daidaita ba.

2.0 Kebul da Wuta

Ba a wannan aiki ta Wi-Fi, domin rauta kan kashe shi a tsakiyar sabuntawa. Kebul ake amfani da shi, a soka shi a ɗaya daga kafofin LAN. Kafar WAN, wadda galibi launinta daban ne, ta karɓar intanet ce daga waje, kuma yawancin rauta ba sa buɗe shafin sarrafawa ta can. Sannan a kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, kada saƙo ya bi wata hanya. Batun wuta kuwa, a ƙasarmu ba abin wasa ba ne: idan aka ɗauke ta ana cikin rubuta manhaja, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya. Don haka a jona ta da inbata tun farko.

3.0 Adireshi

Adireshin IP rukunin lambobi huɗu ne. A ƙaramar hanyar sadarwa mai ma'aunin 255.255.255.0, rukuni uku na farko tamkar sunan unguwa ne, na huɗun kuma lambar gida. Rauta da yawa kan fito daga masana'anta da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, cikin adiresoshin da aka keɓe wa amfanin cikin gida tun 1994. Kwamfutar da ke 192.168.0.20 ba za ta isa ga rautar da ke 192.168.1.1 kai tsaye ba, ko da kebul lafiyayye ne, saboda unguwarsu ba ɗaya ba ce.

A Windows, umarnin ipconfig ne ke nuna adireshin kwamfuta. Idan ya fara da 169.254, to kwamfutar ta roƙi adireshi ba a ba ta ba, sai ta raɗa wa kanta. Maganinsa shi ne a sa mata tsayayyen adireshi da hannu, misali 192.168.1.10. Daga nan a gwada da ping, ɗan umarnin nan da Mike Muuss ya rubuta a 1983, wanda aikinsa ya yi kama da sallama a ƙofar gida: a aika, a saurari amsa. Idan amsa ta zo amma burauza ta ƙi buɗe shafin, kebul da adireshi sun kuɓuta daga zargi, sai a koma kan burauzar ko manhajar VPN.

4.0 Yanayin Ceto

Wannan shi ne sashen da ya fi rikitarwa. Idan ginanniyar manhaja ta lalace, abin da ya rage shi ne ƙaramar manhajar tayarwa. Sau da yawa ita ba ta raba adireshi, ba ta da shafin sarrafawa, illa ta karɓi fayil ta ƙa'idar TFTP mai amfani da kafa ta 69. Saboda haka tsayayyen adireshi ya zama tilas, kuma ba kowane ba. Wasu samfuran TP-Link, alal misali, suna neman fayil ɗin ne a 192.168.0.66 kawai, da wani takamaiman suna. Harafi ɗaya ya sauya, an yi aikin banza. Katangar tsaron Windows ma kan tare saƙon TFTP shiru, ba tare da wani gargaɗi ba, shi ya sa ake dakatar da ita na ɗan lokaci.

Akwai kuma matsalar lokaci. A wasu na'urori, manhajar tayarwa daƙiƙu kaɗan take saurare bayan kunnawa, kwamfuta kuwa kan ɓata waɗannan daƙiƙu wajen gane cewa kebul ya dawo aiki. Dabarar da ta fi gamsar da mai wannan nazari ita ce sanya ƙaramar na'urar suwic a tsakaninsu, ta yadda kwamfutar ba za ta ga layin ya yanke ba ko da an kashe rauta. Sai a bar ping yana gudana da alamar -t, da zarar amsar farko ta bayyana a tura fayil. Bayan an tura, a ƙyale na'urar na mintuna da dama har ta sake tashi da kanta, kafin a mayar da kwamfutar kan karɓar adireshi kai tsaye, a kuma tada katangar tsaron.