Hoto na daskarewa a talabijin: laifin kati ne ko na kwamfuta?

Wani malami daga Durba, a ƙaramar hukumar Kibiya, ya aiko da tambaya. Makarantarsu ta samu talabijin guda shida, suna son ɗalibai su riƙa kallon darussan bidiyo a ajujuwa lokaci ɗaya. Sun sayi na'urar modulato ta hannu, irin wadda ake jonawa da kwamfuta, suka ja waya zuwa kowane aji. Hoto yana zuwa, amma bayan 'yan mintoci sai ya daskare ya farfashe gida-gida, murya kuma ta riga baki. Tambayarsa ita ce: ya mayar wa mai kaya abinsa?

Malam, dakata tukuna. Sau da yawa katin, wato modulaton, ba shi da laifi.

Aikin modulato shi ne ya mayar da bidiyo siginar da talabijin ke kamawa kamar tasha. Tsarin da Najeriya ta ɗauka shi ne DVB-T2, wanda aka ƙaddamar da shi a Jos a 2016, kuma shi ne GOtv da StarTimes na eriya suke amfani da shi. Wasu na'urori su suke yin lissafin sigina da kansu. Irin naka kuwa ya ɗora wa kwamfuta nauyin, shi ya sa ya fi araha. Kwamfutar ce ke lissafa sigina, katin ya fitar da ita kawai.

Ga girman nauyin. Tasha ɗaya mai faɗin megahaz 8 tana buƙatar samfurin sigina kusan miliyan 9.14 a kowane sakan. Idan kowane samfuri ya ci bayit 4, fiye da megabayit 36 ke nan a sakan, ba hutu. Kafar USB 2.0 da kyar take kai wannan, don haka na'urori irin su DTU-315 na kamfanin DekTec suke neman USB 3.0. Duba kafar da ka soka, galibi mai shuɗin harshe ce ta dace, kuma kada ka raba ta da wata na'ura. Idan kati ne na cikin kwamfuta, ramin PCIe yake so. Sannan ka ware wa aikin kwamfuta guda: kashe barcinta, kashe sabunta manhaja ta kai-tsaye, kada a riƙa buga takardun jarrabawa a kanta. A zafin Maris da Afrilu, kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kuma nan take hoto zai tsaya. Buɗe ta ka hure.

Amma abin da na fi zargi shi ne abin da kake ciyar da katin. Duk wanda ya ga noman rani a Kadawa ya san cewa ruwan Tiga ba a sako shi yadda aka ga dama. Idan ya yi yawa ya ɓalle kunya, idan ya yanke shuka ta ji jiki. Modulato ma haka yake, kwarara ɗaya yake so, marar hawa da sauka. Fayil ɗin MP4 da ka sauko da shi daga intanet ba haka yake ba: wurin da malami ke tsaye yana magana bayanai kaɗan ne, wurin da hoto ke motsi sai su yi ambaliya.

Abin da katin ke ci shi ne MPEG-TS, jerin ƙunshi masu bayit 188 kowanne. A cikinsu akwai alamar agogo da ake kira PCR, wadda talabijin ke bi don haɗa murya da hoto. Idan ƙunshin ya makara, agogon ya rikice, shi ne kake jin murya ta riga baki. Maganin kyauta ne. Manhajar FFmpeg za ta mayar maka da darussan zuwa TS, ka sa mata umarnin muxrate don ta tsayar da gudu ɗaya, ta cike giɓi da ƙunshin da ba komai a ciki. Ka zaɓi H.264 don hoto, domin dikodoji da yawa na kasuwa ba sa karanta HEVC. Gudun da ka zaɓa kuma kada ya wuce abin da tashar za ta ɗauka. DVB-T2 kan kai kusan megabit 40 a sakan, kai kuwa darasi ɗaya megabit 5 ya ishe shi, don haka ka sassauta saitin, kwamfutar ma ta huta.

Hanya uku ce kwarara ke shiga. Ta farko daga fayil a kan kwamfutar, ita na zaɓa maka, don babu abin da zai katse ta. Ta biyu ta hanyar sadarwa, inda ake tura ƙunshi bakwai-bakwai, bayit 1,316 a kowane aike. Idan ita za ka bi, ja waya, kada ka yarda da Wi-Fi. Ta uku, ASI, ta gidajen talabijin ce irin su ARTV da NTA, ba ta shafe ka ba.

Abu biyu kada ka manta. Talabijin da ba ta da DVB-T2 a ciki sai da dikoda. Kuma siginar nan ta tsaya a cikin waya. Ranar da ka ɗora ta kan eriya ka zama mai watsa shirye-shirye, wannan kuwa sai da lasisin hukumar NBC.

Ga gwajin da za ka yi gobe da safe. Haɗa talabijin ɗaya tak da gajeriyar waya, kunna fayil ɗin TS mai tsayayyen gudu, ka bar shi awa biyu. Idan bai daskare ba, ƙara ajujuwa ɗaya bayan ɗaya har ka gano mahaɗar da ke shanye sigina. Idan ya daskare duk da haka, gwada a wata kwamfutar kafin ka hau motar Kano da katin.