Amsoshin Tambayoyinku: Miyar Afang

Wata mai sauraronmu daga Zariya tana tambaya yadda ake miyar afang, wadda ta taɓa ci a gidan maƙwabta.

To, Hajiya, miyar Efik da Ibibiyo ce ta Kalaba da jihar Akwa Ibom, 'yan ƙabilar Igbo kuma suna kiran ganyen afang ɗin okazi. Ganyen wata kurangar daji ne mai tauri, don haka sai an yanka shi siri-siri, an daka shi a turmi. Idan busasshe kika samu, ki jiƙa shi da ruwan ɗumi tukuna.

Ki dafa nama da ganda da bandar kifi har romon ya kusa tsotsewa. Nan mutane da yawa suke kuskure: suna ƙara ruwa. Kada ki ƙara, domin ganyen watalif da za ki zuba yanzu shi zai fitar da nasa ruwan. Sai manja, ba na rowa ba, da attaruhu da dakakken kirefish. Afang ɗin ne ƙarshe, minti biyar ya ishe shi. Ki ci da teba ko sakwara.