Darasin Wannan Wata: Dashen Hannu da Naciyar Shan Magani

A shekarar 1998 likitoci a birnin Liyon na Faransa suka dasa wa wani mutum hannun mamaci. Sun haɗa ƙashi, hanyoyin jini da jijiyoyi, sa'an nan fata. Jijiya takan tsiro kamar milimita 1 a rana, don haka sai bayan watanni yatsu ke fara ji.

Amma jiki yakan ɗauki sabon hannun kamar baƙo, ya yaƙe shi. Dole mutum ya sha magani kullum muddin ransa. Mutumin nan ya yi sakaci da nasa, a 2001 aka cire hannun. Wanda aka yi wa a Amurka a 1999 kuwa ya nace, hannun ya yi masa aiki shekaru da yawa.

Mu ma haka ne. Maganin tarin fuka yawanci na wata 6 ne, kada mu bari don mun ji sauƙi. Warkarwa daga Ubangiji take, naciya kuwa aikinmu ce.

Tambaya: Wane ne cikin ikilisiyarmu yake bukatar mai tuna masa da maganinsa?