Amsoshin Tambayoyinku: Ƙungiyar Masu Koyon Shirya Fim

Wani mai sauraronmu daga Nima a Accra ya tambaya ko shiga ƙungiyar masu koyon shirya fim na da amfani.

Ƙwarai kuwa. A ƙungiya ne matashi zai ari kyamara, ya koyi tace hoto a kwamfutar abokinsa, kuma a gaya masa gaskiya idan labarinsa bai yi armashi ba. Wannan gyaran ya fi kayan aikin daraja.

Kannywood ma haka ta faro: ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990. A Accra kuma, an kafa makarantar koyon fim ta NAFTI tun a 1978. Matasan Nima da Maamobi, ku haɗa kai ku fara.